Yadda Ake Zaɓar Kejin Kariya da Ɗaura Shi a Motar Gudu

Motar gudu gajeriya ce, kan direbanta bai fi faɗin tafin hannu da rufi ba. Ranar da ta kife, rufin nan ne zai fara cin ƙasa, alhali shi falle ne da sau da yawa bai kai milimita ɗaya kauri ba, ginshiƙai huɗu ko shida ke riƙe da shi. Aikin kejin kariya, wato firam ɗin bututun ƙarfe da ake haɗawa a cikin mota, shi ne ya hana wurin da mutum ke zaune matsewa, ko motar ta yi alkafura sau nawa, ko wata ta soke ta ta gefe. Ƙara wa bodi tauri da yake yi, wanda direbobi ke jin daɗinsa a kwana, gyara ce kawai aka samu a kan ciniki.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ba kasafai bututu ke karyewa a tsakiyarsa ba. Keji yana cin amanar mai shi ne a wurare biyu: inda ƙafarsa ta taka bodi, da inda bututu ya haɗu da bututu. Don haka yawancin lokacinka a nan zai tafi.

Me za a yi da motar?

Kafin ka nemi kowane ƙarfe, amsa wannan tambaya tsakaninka da Allah. Idan mota ce da ake hawa titi kullum, sai ƙarshen mako a kai ta filin tsere a ɗan motsa jini, rabin keji ya wadatar. Shi ne babban baka da ke tsaye bayan kujeru, da tokara biyu da suka gangara baya, da sanda ɗaya a karkace cikin bakan, da sandar da ake ɗaura bel. Ƙafafunsa huɗu. Irinsa ne kamfanin Porsche ke ɗaurawa da noti a bayan 911 GT3 ga wanda ya nemi tsarin Clubsport.

Cikakken keji kuwa yana da ƙafa shida zuwa sama. Daga babban baka wasu bututu biyu ke bin gefen rufi su gangaro ta ginshiƙan gilashin gaba, a haɗa su da sanda a saman gilashin, a sa sanduna a ƙofa. Wannan na motar gasa ne, wadda mai tuƙa ta ba ya shiga sai da hular kwano da bel mai madauri biyar ko shida. A sa shi a motar zuwa aiki kuskure ne babba. Bel ɗin da mota ke zuwa da shi yana barin jiki ya yi gaba ya yi gefe, kuma ɗan karon da a da za a fito a duba fenti kawai, yanzu zai haɗa kan da ba hula da ƙarfe. Ga shi kuma bututun yakan tare hanyar jakar iskar da ke fitowa daga gefen rufi. Ko rabin kejin ma, daga ranar da aka sa shi kujerar baya ta tashi aiki, kada a sake ɗaukar kowa a can.

Masu motoci marasa rufi irin Mazda MX-5 su yi hattara da bakuna masu ƙyalli da ake sayarwa don ado, waɗanda ke ɗaure a kan wuraren notin bel ko siririn fallen bayan kujera. Ba su da tokara, ba su da sandar karkace. A kifewa lanƙwashewa suke yi, wani lokaci su faɗo kan wanda aka ce suna karewa.

Littafin doka kafin kasuwa

Kowace hukumar tsere da irin kejin da take karɓa, kuma dokokin na sauyawa, saboda haka a nemi bugun shekarar da ake ciki. A gasannin da ke bin tsarin FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya, bayanin yana cikin Rataye J, sashe na 253. Ta ce ƙarfen ya zama bututu marar ɗinki da aka ja shi a sanyi, sinadarin kabon da ke cikinsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100, ƙarfin jansa kada ya gaza N/mm² 350. Babban baka da bakunan gaba su zama milimita 45 da kaurin bango 2.5, ko 50 da 2.0. Sauran sanduna 38 da 2.5, ko 40 da 2.0.

A Amurka da inci ake lissafi. Ƙungiyar SCCA, ta masu tseren motoci a can, nauyin mota take dubawa: wadda ta kai fam 2,700, wato wajen kilo 1,225, tana buƙatar bututu mai inci 1.75 da kaurin 0.095, ko 1.5 da 0.120. Hukumar NHRA mai kula da tseren miƙaƙƙiyar hanya kuwa da agogo take aiki. Motar da ke cinye rubu'in mil, mita 402, a daƙiƙa 11.49 ko ƙasa da haka sai da baka, marar rufi tun daga daƙiƙa 13.49, wadda kuma ta wuce mil 135 a sa'a sai cikakken keji. Kejin da ya ci jarrabawar wannan hukuma yana iya faɗuwa a ta waccan, shi ya sa ba a sayen keji don an ga hotonsa ya yi kyau.

Akwai kuma keji mai takardar shaida, wanda kamfani ya ƙera aka gwada aka amince da shi. Yana zuwa da lamba manne a jiki da takarda mai lamba iri ɗaya. Irin wannan ba a ƙara masa ko rage masa komai. Ka huda shi ko ka liƙa masa ɗan ƙarfen rataye kamara da walda, takardar ta mutu.

Wane ƙarfe?

Sunaye huɗu za ka riƙa ji. ERW falle ne da aka naɗe aka ɗinke da wutar lantarki, idan ka leƙa cikinsa za ka ga layin ɗinkin. Shi ne mafi araha, kuma hukumomi da yawa sun daina karɓarsa. DOM shi ma da ɗinki ya fara, amma an sake jan sa a sanyi ta kan sandar ciki har ɗinkin ya baje, bangon ya daidaita, ƙarfi ya ƙaru. Shi aka fi amfani da shi a Amurka. CDS ba shi da ɗinki tun asali, shi ne ya dace da sharaɗin FIA. Sai masu tsada: kuromoli, wato ƙarfen da aka gauraya da kurom da molibdenom, mai lamba 4130, da ɗan'uwansa na Turai 25CrMo4, da T45 na Ingila.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Kuromoli bai fi ƙarfe na gama-gari sauƙin nauyi ba, duka wajen giram 7.85 ne a kowane dunƙulen da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa santimita ɗaya-ɗaya ne, taurinsu wajen lanƙwasa ma kusan ɗaya ne. Abin da ya fi shi ne yawan nauyin da yake ɗauka kafin ya sallama, don haka wasu dokoki ke barin a rage kaurin bangonsa. A tsarin NHRA, inda ƙarfe na gama-gari ke buƙatar inci 0.118, kuromoli 0.083 ya isa, sai nauyin keji ya ragu da kusan kashi 28 cikin 100. Inda doka ba ta ba da wannan rangwame ba, sayen kuromoli zubar da kuɗi ne, ƙari da wahalar walda. Ga keji na farko, DOM ko CDS ya fi, domin yana yafe ƙananan kurakuran mai walda, kuma a haɗari lanƙwashewa yake yi a hankali maimakon ya tsage.

Wajen lissafin nauyi, mita ɗaya ta bututun 45 da 2.5 kilo 2.6 ce, ta 50 da 2.0 kusan 2.4, ta 38 da 2.5 kusan 2.2, ta 40 da 2.0 kusan 1.9. Cikakken keji a ƙaramar mota yakan ci mita 15 zuwa 20, ka ga ana maganar kilo 35 zuwa 45 ke nan. Sayi fiye da buƙatarka da mita biyu ko uku, domin da wuya bakan farko ya fito daidai. Karɓi takardar ƙarfen daga mai sayarwa ka adana, sannan ka auna kaurin bangon da kanka, kada ka yarda da rubutun jiki kawai.

Na noti ko na walda

Na noti yana shiga ba tare da an yi wa mota kaca-kaca ba, ana kuma iya cire shi ranar sayarwa. Aibinsa shi ne, tunda an yi shi ya wuce ta gefen dashbod da rufin ciki, yakan yi nesa da bodi ya matso kusa da direba, ƙafafun gaba kuma su sami lanƙwasa da ba a so. Na walda ya fi manne wa bodi, ya fi tauri, amma shigarsa ta har abada ce. Motar da shasinta alminiyam ne, irin Lotus Elise, ba ta da zaɓi: ƙarfe ba ya walduwa da alminiyam, dole a ɗaure da noti a wuraren da aka tanada, a kuma sa shamaki tsakanin ƙarafan biyu don kada su ci juna.

Kujera ce ke fara shiga

Keji ana gina shi ne a jikin mutum. Ɗaura kujerar da za a yi tsere da ita a mazauninta na ƙarshe, direba ya zauna da hularsa a ka, hannu a sitiyari, ƙafa a kan birki. Idan mutum biyu za su riƙa tuƙawa, mafi tsayi ne ma'auni. Tsakanin saman hula da saman baka a nemi aƙalla santimita 5. A mota marar rufi ana ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga saman baka zuwa ƙarfen gaba da dokar ta ambata, hula ta kasance ƙasa da sandar da wannan tazara. Idan bai samu ba, kujera ake saukarwa. A tuna cewa bel yana miƙewa, wuya ma haka, idan mutum ya rataya kai ƙasa.

Babban baka ya tsaya a bayan kai, NHRA ta ce kada ya wuce inci 6 daga bayan hula. Duba cewa kujera na iya matsawa, gwiwa ba ta gogar inda ƙafar gaba za ta sauka, gwiwar hannu ba za ta bugi sandar ƙofa a juya sitiyari ba, hannu na kai wa giya da birkin hannu, ƙofa na rufuwa, ana iya kai wa akwatin fis. Mai motar da rufinta na tamfol ne ya buɗe ya rufe ya ga ta inda ƙarafan rufin ke wucewa. Kwali da siririn bututun roba sun isa a kwaikwayi kejin gaba ɗaya kafin a yanka ko mita ɗaya ta ƙarfe.

Shirya motar

A fitar da kujeru, kafet, rufin ciki, robobin gefe da dashbod. A cire kan batir, a dakata mintuna kafin a taɓa jakunkunan iska, a zare kwamfutar injin idan za a yi walda. Gilashin gaba da na baya gara a cire su, domin tartsatsin walda da na gurza ƙarfe yana nutsewa cikin gilas ya bar tabon da ba ya fita. Baƙin kwaltan da ke manne a daɓen mota don rage ƙara yana ɓantarewa cikin sauƙi idan an zuba masa busasshiyar ƙanƙara, wato daskararren kabon dayoksaid, ya daskare.

Leƙa ƙarƙashi kafin komai. Bututun mai, na birki da damin wayoyi sukan bi daidai inda ƙafar keji za ta sauka, tankin mai kuma a motoci da yawa yana ƙarƙashin bayan kujera. Sauke tankin. Kankare abin da aka shafe ƙarƙashin motar da shi a duk inda zafi zai kai, saboda shi ne ke kama wuta ta ƙasa mai walda na ciki bai sani ba. Mutum ɗaya ya tsaya da abin kashe gobara ba ya aikin komai sai kallo. Kada a wanke ƙarfen da za a yi wa walda da ruwan wanke birki mai sinadarin kulorin, zafi na mayar da shi iskar guba mai kisa. Asiton ya isa, a bari ya bushe. Fallen mota kuma yawanci yana da rufin tutiya, a gurje shi, a bar iska na shiga.

Daga nan a ɗora motar a kan matokarai huɗu a wuri mai lebur, a auna da ma'aunin ruwa gaba da baya, hagu da dama. Idan bodi na murɗe lokacin da aka yi walda, kejin zai riƙe murɗewar har ƙarshen rayuwar motar, ƙofofi su daina rufuwa daidai.

Ƙafafu

Daɓen mota siriri ne ƙwarai. Bututu mai milimita 45 da aka tsayar kai tsaye a kansa, idan nauyin mota ya sauko masa, huda daɓen zai yi ya fita ta ƙasa kamar an soka kara a takarda, kejin ya nutse lafiyarsa ƙalau, rufi ya biyo shi. Maganin wannan shi ne faranti mai baza nauyi. FIA ta ce kaurinsa kada ya gaza milimita 3, faɗinsa santimita murabba'i 120, misali 10 da 12, a yi masa walda a bodi. Na tokarar baya 60 ya isa. NHRA tana neman inci 6 da 6, kaurin 0.125.

Girma kaɗai ba ya wadatarwa, sai an dubi inda aka sa shi. Nemi wurin da daɓe ya haɗu da dokin ƙofa ko da wata ƙashin bodi, ka lanƙwasa farantin ya hau bangon dokin ƙofar, ya kama fuska biyu ko uku. Ta haka nauyi zai bi ta gefen falle, inda yake da ƙarfi, maimakon ya danna tsakiyarsa. A zagaye kusurwoyin farantin, domin kusurwa mai tsini ita ke fara yaga falle. A buga shi da guduma har ya kwanta lif a kan ƙwarin daɓen ba rata. Idan aka tarar da tsatsa a wurin, a yanke a sa sabon falle tukuna. Walda a kan tsatsa yaudarar kai ce.

Haɗa faranti mai milimita 3 da falle mai ƙasa da 1 yana son dabara. A karkata wutar kan mai kaurin, a bari narkakken ya gangaro kan siririn, a yi santimita biyu ko uku a tsallaka wani gefe, a dawo bayan ya huce, har a zagaye. Wanda ya ja layi ɗaya ba tsayawa zai ƙona daɓen ya bar ramuka.

A kejin noti kowace ƙafa tana son bol uku aƙalla, M8, wato mai kaurin milimita 8, zuwa sama, mai daraja 8.8 da aka buga a kansa, da noti mai kulle kansa. M8 na wannan daraja ana ɗaure shi wajen Nm 25 a sifana mai awo. Inda doka ta yarda da faranti na ƙasa, a sa shi daidai girman na sama ko ya ɗan fi shi, daɓe ya zama a tsakiya. Idan bol zai ratsa ƙashin bodi mai rami a ciki, sai an sa guntun bututu a ramin ya tokare, in ba haka ba ɗaurin zai matse ƙashin, bayan ƴan kwanaki notin ya saki.

Lanƙwasa da yanka baki

Babban baka guda ɗaya ne daga ƙafa zuwa ƙafa, ba a haɗa shi da guntaye. Ana lanƙwasa shi a sanyi da injin da ke jan bututu a kan zagayayyen ƙarfe mai kwari da ya yi daidai da faɗinsa. Ba a gasa shi da wuta, kuma injin masu aikin famfo da ke tura bututu daga tsakiya ba ya wannan aiki, murƙushe shi yake yi. Zurfin lanƙwasa, idan an auna daga tsakiyar bututu, kada ya gaza faɗin bututun sau uku, wato milimita 135 ga mai 45. Bayan an gama a auna wurin: siririn gefe a raba da faffaɗan gefe, sakamakon kada ya sauka ƙasa da 0.9. In an ga yamutsewa a cikin lanƙwasar, a ajiye wannan a yi wani. Ƙarfe yakan ɗan dawo da digiri biyu zuwa huɗu idan an sake shi, don haka a gwada da guntu a san nawa za a ƙara. A kuma ɗaura ma'aunin kusurwa a bakin bututun don duk lanƙwasar su faɗa layi ɗaya, in ba haka ba baka zai fito ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya.

Duk inda bututu zai hau kan wani, ana yanka bakinsa ya yi kamar bakin kifi ya rungumi ɗan'uwansa. Ratar da ta rage kada ta kai milimita ɗaya. Cike gibi da walda yana jawo zafi mai yawa, ya janye kejin gefe, ya bar mahaɗa mai rauni. Kowane bututun da za a rufe bakinsa biyu a yi masa ɗan hudar numfashi a inda wani zai rufe, saboda iskar ciki idan ta yi zafi tana tofar da walda a ƙarshen zagaye.

Ƙa'idar tsari ɗaya ce: kusurwa uku ba ta lanƙwashewa, kusurwa huɗu tana kwantawa. Shi ya sa baka marar sandar karkace ba baka ba ne. Sandar ta tashi daga kusurwar sama, an fi so ta bayan kan direba, ta sauka a ƙafar ɗaya gefen, kowane baki cikin milimita 100 daga mahaɗa ko daga faranti. Tsarin FIA na motocin zamani biyu yake nema, su gicciye. Tokarar baya su zama miƙaƙƙu sam, su kama kusa da lanƙwasar sama, su buɗe aƙalla digiri 30 daga tsaye, su sauka a wuri mai ƙarfi kamar kan mazaunin shokozoba. A yi ƙoƙari sanduna su taru a wuri ɗaya. Sandar da ta ƙare a tsakiyar wata ba tare da komai ya tokare ta bayan ba, ranar karo ita za ta lanƙwasa waccan.

Sandunan ƙofa iri biyu ne: masu gicciye, ko waɗanda suka kumbura cikin ƙofar da aka ƙwaƙule irin na motocin tseren NASCAR na Amurka, masu ba direba ƙarin sarari. A masu gicciye ɗaya ta zama guda ba yanka, a ƙarfafa mahaɗar da facin falle mai siffar U, kaurinsa aƙalla milimita 1, tsawonsa faɗin bututu sau biyu zuwa huɗu. A motar da gilashinta ya kwanta sosai, kamar yawancin motocin gudu, lanƙwasar ƙafar gaba ita ce mafi rauni, sai a ƙara miƙaƙƙiyar sanda daga saman gilashi zuwa gindin ƙafar.

Walda

A fara haɗa komai da ɗigon walda kawai, a mayar da kujera, direba ya sake zama da hula, a rufe ƙofofi, a gwada dashbod. Gyara a wannan mataki mintuna ne, bayansa kwanaki.

Kowace mahaɗa sai an zagaye ta gaba ɗaya, kuma a nan matsalar saman keji ke fitowa, domin bututun da ke manne da rufi kan walda ba ya shiga bayansa. Hanyar da aka fi bi ita ce a huda daɓe a ƙarƙashin kowace ƙafa tun kafin a liƙa farantai, a zurara kejin ƙasa da ƴan santimita, a yi waldar saman, a ɗaga shi, a zura farantan su rufe ramukan. Wasu kan gina ɗan akwatin ƙarfe ƙarƙashin kowace ƙafa su sa shi daga ƙarshe, wasu kuma su cire fallen rufin ɗungurungum. Ko wacce aka bi, masu duba mota da madubi da tocila suke zuwa, kuma saman nan suke fara leƙawa.

Ƙarfe na gama-gari yana karɓar waldar MIG, wadda inji ke turo wayar da kansa, da waya ER70S-6 mai milimita 0.8 da iskar agon gauraye da kabon dayoksaid, ko waldar TIG, wadda ake sa sandar ciko da hannu. Kuromoli TIG yake so, NHRA ma ba ta karɓar wani, da sandar ER70S-2 ko ER80S-D2. A bar shi ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa ko a sa masa fanka, saurin sanyi na sa gefen waldar ya yi gautsi. Babban haɗarin MIG shi ne walda mai sanyi: a ido ta taru ta yi tudu, amma zaune kawai take a sama ba ta ci ƙarfen ba. Kafin a taɓa mota a haɗa guntaye biyu, a yanka mahaɗar a ga zurfin cin, a sa wata a matsi a yi ta dukanta. Bututun ya kamata ya yage, waldar ta tsaya. A riƙa tsallake-tsallake daga hagu zuwa dama don zafi kada ya ja kejin gefe ɗaya. Kuma ba a gurje walda don ta yi sumul, hukumomi na ɗaukar haka a matsayin ɓoye aibi. Wanda bai taɓa waldar bututu kwance a cikin mota kai a ƙasa ba, ya yi yanka da gwaji da kansa, ya bar waldar ga wanda sana'arsa ke nan.

Bel, soso da fenti

Tsayin sandar bel daga kafaɗar direba ake ɗaukarsa. Madaurin kafaɗa ya tafi baya a miƙe ko ya ɗan sunkuya, tsakanin digiri 0 da 20, musamman ga mai amfani da na'urar tsare wuya ta HANS. Idan sandar ta yi ƙasa sosai, a karo bel zai danna kafaɗu ƙasa ya matse ƙashin baya. Idan ta yi sama, jiki zai ɗaga daga kujera a kifewa. A sa zoben da zai hana madaurin zamewa gefe, tazarar sanda da kujera kuma ta zama gajera. Bel irin wannan da kujera mai baya a kafe yake tafiya, ba mai kwantawa ba.

Duk inda hula za ta iya taɓawa a sa soso mai shaidar FIA 8857-2001 ko SFI 45.1. A hannu yana da tauri kamar katako, haka aka yi shi, ya murƙushe a hankali ya shanye bugu, ba ya kuma narkewa ya ɗiga a wuta. Soson da ake naɗe bututun ruwa da shi, kai na ratsa shi ya isa ƙarfe kamar babu komai. Wajen gwiwa da ƙafa ana iya sa mai ɗan laushi.

Kada a yi fenti sai mai dubawa ya ga waldar tsirara. Wasu hukumomi na son a huda ɗan rami mai inci 3/16 a miƙaƙƙen wuri don auna kaurin bango, wasu da na'ura suke aunawa, a tambaya kafin a huda. Bayan nan a shafa maganin tsatsa sama da ƙasan farantai, a toshe gefensu kada ruwa ya kwanta. Fenti mai haske, fari ko ruwan toka, ya fi nuna tsaga da wuri, amma sandunan da ke gaban ido a yi musu baƙi marar ƙyalli saboda rana. FIA ta hana yi wa keji rufin kurom, ta kuma hana bi da mai ko wani ruwa ta cikin bututunsa.

Sai gwajin fita. Direba ya shiga da cikakkun kayansa, a ɗaure shi, a rufe ƙofa, a danna agogo, ya fita ta ƙofarsa, ya sake ta ɗaya ƙofar, ya maimaita ido a rufe kamar hayaƙi ya cika motar. Idan sitiyari na tare gwiwa, a sa mai cirewa. Notin keji a sake bin su da sifana mai awo bayan fita ta farko, sannan lokaci-lokaci. Bayan kowane karo mai ƙarfi a kankare fenti a mahaɗai da gefen farantai a nemi tsaga, bututun da ya lanƙwashe kuma ba a miƙar da shi, yanke shi ake yi daga mahaɗa zuwa mahaɗa a sa sabo.